Kafin ka sayi janareta a Kaduna, zauna da biro da takarda

Janaretan da na fara saya, da ido na saye shi. Muna zaune a Badarawa a lokacin, cikin watan Afrilu, ana zafin nan da ke hana yaro barci ya hana uwarsa. Na shiga kasuwa na ga wani ja mai taya biyu, an rubuta 6500 ɓaro-ɓaro a jikin tankinsa. Mai shagon ya ce min, “Alhaji, wannan har famfon rijiya zai ɗaukar maka.” Na biya, aka ɗora min a keke. Bai cika wata ba, ran nan aka kunna famfo firiza tana aiki, sai injin ya yi gurnani, fitilu suka dusashe. Da aka maimaita haka sau da dama, kwamfuresan firizar da maiɗakina ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo da ita ya ƙone. Mai gyaran da na kira ya durƙusa ya leƙa injin, ya ɗago ya ce, “Yallaɓai, injin ƙaramin janareta ne a ciki. Wat dubu biyu da 'yan kai zai iya. Lambar tanki suna ce kawai.”

Asarar nan ta zauna min a rai, domin jarin mace ne ya tafi saboda ban yi lissafin minti ashirin ba. Shi ya sa nake rubuta wannan. Girman janaretan da ya dace da kai a cikin gidanka za ka samo shi, kasuwa wurin biyan kuɗi ce kawai.

Mataki na farko: awa nawa kake rasa wuta, kuma da wane lokaci?

Hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta raba masu amfani da wuta zuwa rukunai. Rukunin A ya kamata su samu aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. Duba takardar bil ko rasit ɗin sayen yunit na Kaduna Electric za ka ga rukuninka. Amma kada ka tsaya nan. Ɗauki mako biyu kana rubuta lokacin da aka ɗauke da lokacin da aka kawo. Mutumin Malali da ke rasa awa uku da yamma ba buƙatarsu ɗaya da mutumin Rigasa da taransifomarsu kan yi kwanaki a kwance ba. Na farko ƙaramin inji ya ishe shi, ko ma batir da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida. Na biyu yana bukatar injin da zai jure doguwar tafiya kullum.

Ka kuma tuna da Oktoban 2024, lokacin da aka lalata babban layin Shiroro zuwa Mando, sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya sami matsala, Arewa ta kwashe sama da mako guda cikin duhu. A irin wannan yanayi ake gane injin da aka saya don ado da wanda aka saya don aiki.

Mataki na biyu: lissafin kayan gida

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan daɗe a kansa.

Kowane kayan wuta yana da 'yar takarda ko ƙarfe a bayansa ko ƙarƙashinsa da aka rubuta ƙarfin wutar da yake ja, da harafin W, wato wat. Idan ba ka ga W ba sai A, wato amfiya, ka ninka lambar da 230, domin wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Zagaya gidan ɗaki-ɗaki. Kada ka rubuta duk abin da ka mallaka, rubuta abin da lallai sai ya yi aiki a lokacin da babu wuta.

Ga kimanin abin da za ka tarar. Ƙwan fitila na LED wat 9 zuwa 15. Fankar sama 60 zuwa 75. Talabijin madaidaiciya da dikoda kusan 120. Firij 100 zuwa 200, firiza 150 zuwa 250. Waɗannan masu sauƙin ci ne. Masu cin wuta su ne duk abin da ke yin zafi: dutsen guga wat 1,000 zuwa sama, butar dafa ruwa 1,500 zuwa 2,200, hitar wanka ita ma haka. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya, wato 1HP a ma'aunin ƙarfin inji, tana jan kusan 800 zuwa 900, mai doki ɗaya da rabi ta haura 1,100. Famfon ruwa mai doki ɗaya, ko sumon rijiyar burtsatse, kusan 1,000.

To ga abin da ya ci ni. Duk abin da ke da mota (na'urar da wuta ke juyawa) ko kwamfuresa a cikinsa, wato firij, firiza, famfo, na'urar sanyaya ɗaki, a daƙiƙar da zai tashi yana fizgar wuta ninki biyu zuwa uku na abin da aka rubuta, wani lokaci ma fiye. Fizgar ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, amma idan janareta bai iya ba da ita ba, ƙarfin wuta zai faɗi, motar ta kasa juyawa, ta tsaya tana ɗaukar zafi har wayoyin cikinta su ƙone. Firiza kuwa ba sau ɗaya take tashi ba, duk daren tana mutuwa tana tashi.

Bari mu ɗauki gida mai ɗaki uku a Kawo. Fitilu goma, wat 100. Fanka huɗu, 280. Talabijin da dikoda, 120. Firij 150, firiza 200, cajin wayoyi da kwamfuta 100. Jimla 950. Yanzu ka ɗauki mafi girman mai mota a cikinsu, wato firiza: 200 sau uku 600 ne, ƙarin 400 ke nan a kan abin da ka riga ka lissafa. Mun kai 1,350. Ƙara kashi 25 cikin ɗari na sarari, domin inji ba ya son a riƙa cika masa kaya har wuya, ya zama kusan 1,700. A kasuwa da kVA ake magana, wato ma'aunin ƙarfin janareta, don haka raba 1,700 da 0.8, za ka sami 2.1 da ɗan abu. Janareta mai kVA 2.5 na gaskiya ya ishi wannan gida.

Sararin nan na kashi 25 yana da wani dalili na garinmu. Kaduna tana kan tudun da ya kai kusan mita 600 sama da teku, kuma injin fetur yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, saboda iska tana raguwar kauri. Zafin Maris da Afrilu shi ma yana rage wani abu. Injin da ya ba da cikakken ƙarfinsa a Legas ba zai ba da shi duka a Unguwar Rimi ba.

Famfo fa? Idan ka ce sai ya tashi tare da komai, lissafin zai tsallake kVA 5, ka sayi babban inji saboda aikin minti talatin, sannan ka riƙa shayar da shi mai duk dare. Dabarar da ta fi ita ce rabon lokaci. A kashe firiza da firij, a kunna famfo shi kaɗai ya cika tanki, a kashe shi, a mayar da sauran. Da haka inji mai kVA 3 zuwa 3.5 yakan ɗauki famfo mai doki ɗaya, amma ka gwada da naka famfon kafin ka dogara. Guga kuwa a bari sai an kawo wuta, ko a koma dutsen gawayi. Ruwan wanka a dafa a kan gas. Ni a ganina ɗora hita a kan janareta ɓarnar dukiya ce. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Wanda kuma ya ƙudura sai ya kwana da na'urar sanyaya ɗaki, ya nemi irin mai inbata. Tana tashi a hankali ba tare da fizga ba, don haka ƙaramin inji yana iya ɗaukarta.

Mataki na uku: koyi karanta jikin inji

Babbar lambar da ke kan tanki, 3800 ko 6500 ko 7200, yawanci sunan samfuri ce. Gaskiyar tana kan ƙaramar takardar da aka liƙa a gefe ko cikin littafin inji. Za ka ga lambobi biyu: ɗaya ƙarfin da zai iya riƙewa awa da awanni, ɗaya kuma iyakar abin da zai iya bayarwa na ɗan lokaci. Ƙaramar ita ce taka, da ita za ka gwada lissafinka.

Da yake takarda ma ana iya buga ta a liƙa, akwai shaidar da ba a iya ɓoyewa, wato girman injin kansa. Injin da girmansa ya kai cc 196 (cc ma'aunin girman cikin inji ne), wanda ake kira mai doki shida da rabi, wutar da zai samar ba ta wuce wat 2,000 zuwa 2,800 ba, ko me aka rubuta a tanki. Mai cc 389, doki goma sha uku, yana ba da kusan 5,000. Mai cc 420 ya ɗan ɗara haka. Da na san wannan tun farko, da firizar nan tana nan.

Mataki na huɗu: fetur, man gas, ko iskar gas

Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, sayen janareta ya zama ƙaramin ɓangaren kuɗin. A ƙarshen 2024 litar fetur ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Inji mai kVA 2.5 ɗauke da rabin kaya yana shan kusan lita ɗaya a awa, ko ƙasa kaɗan. Awa biyar kowane dare ya zama kusan lita 150 a wata. Ninka wannan da farashin lita na yau kafin ka fita kasuwa, ka ga ko albashi zai ɗauka. Babban inji kuwa ya fi shan mai ko da kayan da ka ɗora masa ba su ƙaru ba, domin dole ya riƙa juyi 3,000 a minti don wutar ta zauna daidai.

Wani lissafin da ya kamata ka sani: litar fetur a ƙaramin janareta da ƙyar take ba da yunit biyu na wuta. Lokacin da aka kai kuɗin rukunin A naira 225 a kan yunit a watan Afrilun 2024 mutane sun koka ƙwarai, kuma da dalilinsu, amma ko a hakan wutar janareta ta ninka ta tsada. Don haka duk aiki mai cin wuta, a jira wutar layi.

Ƙaramin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, mai wat 650 zuwa 800, na mai shagon aski ne ko ɗaki ɗaya: fitilu, fanka biyu, talabijin. Kada a ɗora masa firij. Hayaƙinsa ma ya fi na kowa yawa.

Akwai kuma janareta mai inbata, wanda ke rage gudu idan kaya sun ragu. Ba shi da ƙara sosai, yana tsimin mai, wutarsa kuma a daidaice take, ta dace da kwamfuta da talabijin na zamani. Tsadarsa ce matsala, sannan idan allon lantarkinsa ya lalace ba kowane mai gyara ke taɓa shi ba.

Na man gas, wato dizal, shi ne na doguwar tafiya. Manyansu juyi 1,500 suke yi a minti, shi ya sa suke daɗewa, kuma lita ɗaya tana ba da kusan yunit uku. Amma na babban gida ne mai kaya da yawa, ko makaranta, ko ƙaramin asibiti. Idan ana tafiyar da shi da kayan da ba su kai kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba, man ba ya ƙonewa sosai, sai ka ga baƙin ruwa yana tsatsafowa daga salansa.

Mutane da yawa sun sa wa injinsu kaburetar da ke amfani da iskar gas ta girki. Tana aiki, fulogi da baƙin mai ma sun fi daɗewa da tsabta, sai dai ƙarfin injin yana ɗan raguwa. Wanda zai yi haka ya sa ƙwararre ya haɗa, da tiyo mai kyau, tukunyar kuma a tsaye, nesa da salansa, a inuwa.

Idan abin da kake nema fanka da fitila ne daga ƙarfe goma na dare zuwa asuba, ka yi tunanin batir da inbata, da faifan sola in da hali. Janareta ya yi aikin awa biyu ko uku da magariba, ya sanyaya firiza ya cika batir, a kashe shi, unguwa ta yi barci.

Mataki na biyar: ranar shiga kasuwa

Kafin ka nufi shagunan titin Ahmadu Bello ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, fara biyawa wurin mai gyaran janareta na unguwarku, ko ka leƙa Panteka, kasuwar maƙera da masu gyare-gyare. Tambaye shi wane iri ne ake samun kayan gyaransa cikin sauƙi, kuma wanne ne ya fi dawo masa. Honda, Sumec Firman, Elepaq, Thermocool duk suna kasuwa, kuma sanannen suna shi ake yi wa jabu. In zai yiwu ka biya shi kuɗin yininsa ya raka ka.

Kada ka karɓi inji a rufe a kwali. A zuba baƙin mai da fetur a tayar da shi a gabanka. Ka je da dutsen guga daga gida da abin awon wuta. Ba kaya, ya kamata ya nuna tsakanin bolt 220 da 240. Jona dutsen gugar: ƙarar za ta ɗan sauya sannan ta daidaita, awon kuma kada ya faɗi sosai. Idan injin da aka ce kVA 3 ne ya soma tari saboda dutsen guga ɗaya, ka yi sallama.

Tabbatar yana da AVR, na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta. Tabbatar yana da abin da ke kashe shi idan baƙin mai ya yi ƙasa, da makunnin da ke yanke wuta idan kaya sun yi yawa. Tambayi ko kwayil ɗin na jan ƙarfe ne, wanda 'yan kasuwa ke ce wa kofa, ko na alminiyom. Na jan ƙarfe ya fi jure zafi kuma ya fi nauyi, don haka idan biyu masu girma ɗaya suka bambanta a nauyi da farashi, ka san dalili. Araha ba ta ado. Idan mata ko dattijo ne za su riƙa tayar da shi, sayi mai makulli da batir, jan igiyar babban inji ba ƙaramin aiki ba ne. Karɓi rasit mai lambar injin da sharaɗin garanti a rubuce.

Na hannu fa? Sai tare da mai gyara, kuma a tayar da shi da sanyinsa. Shuɗin hayaƙi alamar yana ƙona baƙin mai ne.

Mataki na shida: inda zai zauna

Wannan ya fi duk abin da na faɗa a baya nauyi, domin nan maganar rai ce. Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci ba ya jin komai. Duk mun sha jin labarin iyalin da aka wayi gari an fasa ƙofa an tarar da su.

Na san abin da ke sa mutane shigar da inji soro, ko kicin, ko lungun da ke tsakanin ɗakuna: tsoron ɓarawo da ruwan damina. Dukansu suna da magani. Masu walda a Panteka za su ƙera maka keji na ƙarfe mai rufin kwano, gefunansa a buɗe, a kafe shi da siminti a sa kwaɗo. A ajiye shi a fili, kimanin mita shida daga kowace ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon waje. A gidan haya ka duba tagar maƙwabcinka kamar yadda za ka duba taka, domin haƙƙinsa yana wuyanka. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya sa inji ya zama lafiya a cikin gini. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan gubar ta taru, a rataye ta kusa da ɗakin kwana. Idan kuwa mutum biyu ko uku a gida suka kamu da ciwon kai lokaci ɗaya inji yana aiki, a fita waje nan take, a kashe shi, a tafi asibiti.

Sai haɗin waya. Kada a taɓa jona janareta kai tsaye a soket ɗin bango. Wutar za ta bi layi ta fita waje, tana iya kashe ma'aikacin da ke kan turke yana gyara da yaƙinin babu wuta, kuma in aka kawo wuta injinka ya tafi. A kira mai wayarin ya sa makunnin sauya layi, wanda suke kira canjoba, ya kuma haɗa wayar ƙasa. Waya mai kaurin milimita 2.5 ta ishi inji mai kVA 3, mai kVA 5 kuwa a sa masa mai 4 ko fiye, musamman in tazarar tana da tsawo. In ka iya, ka sa ya ware layin hita da na famfo daban, don kada yaro ya kunna bisa kuskure.

Ba a zuba fetur inji yana aiki ko da zafinsa. A kashe, a ba shi mintoci ya huce. Jarkar mai kuma ba ta kwana a ɗaki ko kusa da murhu.

Mataki na bakwai: kula da shi

Sabon inji a yi masa juyen farko bayan awa 20 na aiki, domin ɓurɓushin ƙarfe yana taruwa a man farko. Daga nan kowace awa 50 zuwa 100, gwargwadon abin da littafinsa ya ce. Mai doki shida da rabi yana ɗaukar kusan lita 0.6 na baƙin mai, mai doki goma sha uku kusan 1.1. Mai awa biyar kullum ke nan juye duk kwana goma zuwa ashirin, ba sai ya ji ƙara ta sauya ba. Ka rataye kwali kusa da kejin kana rubuta ranar.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana toshe soson iska cikin 'yan kwanaki. Cire shi duk mako, wanke da ruwan sabulu, bari ya bushe sarai, ɗiga masa ɗan baƙin mai ka matse, ka mayar. Inji mai toshasshen soso yana baƙin hayaƙi, yana shan mai fiye da ƙima.

Wurin tayarwa, canjoba tana tsakiya tukuna. A tayar, a ba shi minti biyu, a mayar da gida kansa, a kunna mafi girman kaya da farko sannan ƙananan. Wurin kashewa a sauke kaya, a bar shi ya ɗan yi gudu haka nan, sannan a kashe. Idan wuta ta daidaita har za a yi makonni ba a buƙace shi ba, rufe makunnin fetur ka bar shi ya shanye na cikin kabureta ya mutu da kansa, domin tsohon fetur yana daskarewa ya toshe ta. Sau ɗaya a wata kuma a tayar da shi na minti goma sha biyar da 'yan kaya a kai, batir ɗinsa ya samu caji.